Sayen gida a cikin unguwa a Kano: tambayoyin da ake ta maimaitawa da amsoshinsu

Wadannan tambayoyi ne da kusan duk wanda ya fara neman gidan saye a Kano sai yayi su, gidan zaman iyali daya nake nufi mai katangarsa da kofarsa, ba fulat a bene ba kuma ba shago ba. Na sa musu lamba saboda in amsa ta tabo wata sai in tura ka can. Nayi ta cewa "ka" ne don saukin rubutu, Hajiya ke ma da ke ake. Dokar filaye daya ce a duk Najeriya, don haka mutumin Kaduna ko Katsina ko Gusau ma zai karu, sunan ofisoshi ne kawai zai bambanta.

1. Wanne yafi, in sayi ginannen gida ko in sayi fili in gina da kaina?

In kudinka a dunkule suke kuma kana cikin haya mai gida na ta kara maka duk shekara, toh ginanne yafi maka, ka biya ka tare. In kuwa kudin a hankali suke shigowa, albashi ne ko riba kadan-kadan, fili yafi domin shi gini yana jira, yau ka zuba fandisho, badi ka kai linta, wata shekarar ka rufa kwano. Matsalar kawai siminti da rodi basa jiran kowa, lissafin da kayi bana ba shine na badi ba.

Wanda ya gina da kansa ya san abinda ya binne a kasa. Wanda ya sayi ginanne bai sani ba, musamman irin gidajen nan da ake ginawa takanas don sayarwa, a buga bulo mai yawa daga buhu daya a rufe da tayil da POP. Shi yasa tambaya ta 9 ta fi shafar mai sayen ginanne.

2. Wace unguwa ce tafi dacewa?

Babu amsa daya, amma ka fara da inda kake neman abinci da inda yara ke makaranta. Mai shago a Kwari ko Singa da ya sayi gida a Mariri ko Danbare ya san me zai tarar a hanya kullum safe da yamma, ga kudin mai ga gosulo. Nasarawa GRA da Bompai da wasu sassan Hotoro filayen manya ne kuma takardu sun fi zama daidai, kudin ma haka yake. Su Tarauni, Gyadi-Gyadi, Zoo Road, Kabuga, Janbulo, Rijiyar Zaki, Tudun Yola nan ne yawancin ma'aikata da 'yan kasuwa masu matsakaicin karfi ke hari. Su Dorayi, Sheka, Kurna, Rijiyar Lemo, Na'ibawa akwai sauki amma a nan sai kayi hattara, layi daya zaka samu mai fadi mai kwalbati, na bayansa kuma ko adaidaita sahu bata shiga.

Wato dai layin kake saye kafin sunan unguwar. Gida biyu a unguwa daya, girma daya, kudin daya ya ninka na dayan saboda mota na zuwa kofar wannan bata zuwa ta wancan.

3. Dole sai na bi ta hannun dillali? Nawa ne la'ada?

Ba dole bane amma da wuya ka kauce musu, su suka san wanda ya matsu da wanda magada ke son rabawa. Abinda aka saba ji shine biyar cikin dari, kuma sau da yawa mai saye ya bada nasa mai sayarwa ya bada nasa, sai dai ana daidaitawa musamman in kudin gidan da yawa. Ku gama maganar la'ada tun kafin a kai ka ganin gida, kuma ka tambaya dillalai nawa ne a cikin cinikin, domin wani lokaci wanda ya kawo ka shima wani ne ya fada masa, wancan ma wani, ranar biya sai kaga mutum shida kowa na cewa shi ya hada. Mutum daya zaka ba, su je su raba.

Abu daya da bana sassautawa akai: ka hadu da mai gidan ido da ido. Dillalin da yace maka "Alhaji baya son a san shine ke sayarwa" ko "ai ya wakilta ni komai da komai" watakila gaskiya ya fada, watakila kuma kari ya dora akan kudin, watakila ma Alhajin bai san ana sayar da gidansa ba. In wakili ne ya nuna takardar wakilci, sannan a kira mai gidan kaji daga bakinsa.

4. Menene bambancin awon igiya da filin gwamnati?

Filin gwamnati shine wanda gwamnati ta yanka da kanta, aka fitar da tsari mai lamba, aka bar hanyoyi da wurin makaranta da masallaci da makabarta, kowane fuloti da lambarsa da bikon dinsa, wato dutsen shaidar iyaka, a kusurwa. Awon igiya kuma gona ce mai ita ko magadansa suka yanka suka sayar, shaidarsa takardar ciniki da sa hannun mai unguwa ko dagaci. Kaso mai yawa na gidajen Kano akan awon igiya suke kuma mutane na zaune lafiya shekara da shekaru, don haka ba wai haramun bane. Amma hanyoyinsa kanana ne, ba'a bar wa ruwa hanya ba sau da yawa, banki baya karbar takardarsa (duba ta 17), kuma in rigima ta tashi shaidu ne kadai makaminka. Wannan bambancin dole ya fito a farashi, kar a sayar maka da awon igiya da kudin filin gwamnati don an sa masa gate mai kyau.

5. Shi C of O din nan menene, kuma da gaske shekara 99 ne kawai?

Tun Dokar Amfani da Kasa ta 1978 duk kasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, kai abinda kake da shi hakkin zama ne da amfani. C of O shine satifiket din da ke shaida wannan hakkin, a birni gwamna ke bayarwa, a karkara kuma karamar hukuma na bada nata na gargajiya. Na gidan zama yawanci shekara 99 ake rubutawa, kuma lissafin daga ranar da aka fara bayarwa ne, ba daga ranar da ka saya ba, in an bada shi a 1985 toh abinda ya rage ka saya. Akwai kuma kudin kasa da ake biya duk shekara, mutane da yawa basa biya sai ya taru, ranar canza suna ya fado kan mai saye.

Kar ka rude tsakanin satifiket da takardar girant, wato wasikar da ke cewa an baka fili bisa sharudda. Girant mataki ne kafin satifiket, yana da daraja amma bai kai shi ba. Sannan a karshen 2024 gwamnatin Kano ta fara aikin sabunta satifiket na filaye, saboda haka ka tambayi mai gidan ko ya sabunta nasa, in bai yi ba ku san wa zai dauki nauyin.

6. Gidan ya kwanta min amma bashi da C of O, in saya?

Zaka iya, in ka bi salsalarsa har tushe. A nuna maka takardar da mai gidan ya saya da ita, da ta wanda ya sayar masa, har a kai ga mai gonar asali in zai yiwu. Ka je wurin mai unguwa da kanka ba tare da dillali ba, ka tambayi makwabta na dama da hagu da na baya tun yaushe suka san shi da gidan, an taba kai kara akai ko ba'a taba ba. Sannan ka dauki safiyo ya dauko maka lambobin wurin a duba ko bai fada cikin wani tsarin gwamnati ba, domin akwai gidajen da aka gina akan filin da tuni gwamnati ta yanka ta ba wasu, mai girant na nan da takardarsa a akwati yana jiran ranar da zai bayyana. In komai ya fita lafiya ka saya, ka fara neman satifiket da sunanka ba tare da bata lokaci ba.

7. Yaya ake tabbatar da cewa takardun na gaske ne?

Da ido ba'a ganewa, masu buga na bogi sun kware har hatimi. Lauyanka zai rubuta neman binciken fayil a ma'aikatar kasa, a Kano harkar bayanan filaye na hannun hukumar KANGIS, a biya kudin gwamnati a karbi rasit. Abinda ake son gani: sunan da ke fayil shine sunan mai sayarwa, lambar fuloti da girmansa sun dace da abinda ke kasa, ba'a jinginar da gidan a banki ba, ba'a soke satifiket din ba, babu wata takardar gargadi ko umarnin kotu a ciki, kuma nawa ne bashin kudin kasa.

Lauyanka nace, ba lauyan mai gida ba kuma ba wanda dillali ya kawo ba. Kuma ka rike asalin takarda a hannunka ka gani, ba hoto a WhatsApp ba. In akace asalin ya bata ko gobara ta cinye, sai a kawo takardar rantsuwa ta kotu da rahoton 'yan sanda da kwafin da ma'aikata ta tabbatar, kuma duk da haka ka kara bincike sosai, domin sau da yawa takardar da akace ta bata tana can ajiye a banki ko wurin wanda ke bin mai gidan bashi.

In sunan da ke satifiket na wani ne daban, mai sayarwa yace ai shima haka ya saya bai canza ba, wannan ruwan dare ne a Kano, duba ta 15 kaga abinda ke biyo baya.

8. Gidan gado ne, akwai matsala?

Gidajen gado sukan zo da sauki saboda magada na son a raba kowa ya kama gabansa, kuma a nan ne rigima tafi yawa. Babban wa shi kadai bashi da ikon sayarwa komai girmansa a gidan. Ka nemi sanin magada nawa ne, mata nawa marigayin ya bari, akwai 'ya'ya mata da ke aure a wani gari, akwai wanda ke kasar waje, akwai marayu kanana, kuma akwai bashi ko wasiyya akan dukiyar. Mafi kwanciyar hankali shine ace kotun shari'a ce ta raba gadon ko ta bada izinin sayarwa, a baka kwafin hukuncin. In ba'a je kotu ba toh kowane magaji baligi ya sa hannu da kansa, yara kuma waliyyinsu da sanin alkali.

Akwai kuma maganar shuf'a da mutane ke mantawa. A mazhabar Malikiyya in ka sayi kason mutum daya a gidan da ba'a raba ba, abokin tarayyarsa na da hakkin ya mayar maka da kudinka ya karbi kason. Makwabci bashi da wannan hakkin a Malikiyya, abokin tarayya ne kawai. Don haka "sayi kasona, in an raba ka dauka" ciniki ne da zai iya kwance maka a hannu.

9. Me zan duba a jikin ginin?

Ka tafi da injiniya ko tsohon magini wanda kai zaka biya shi, dan abinda zaka bashi bai kai kudin buhun siminti kadan ba. Sabon fenti kamar kwalliyar amarya ne, sai an kwana biyu ake ganin ainihin fuska, don haka gidan da aka yiwa fenti sati daya kafin a sa shi kasuwa ka kara dubawa da kyau. Ku kalli kasan bango daga ciki da waje, in filasta na bubbuga ko tana zubar da gari fari toh danshi ne ke hawowa daga kasa, kuma wannan ciwo ne da fenti baya warkarwa. Tsagewa siririya a filasta ba komai bace, amma wadda ta tafi a karkace daga kusurwar taga ko kofa, ko wadda zaka iya tura tsinke ciki, wannan fandisho ne ke zama. Kofa da taga da basa rufuwa daidai suma alama ce.

A bude silin a leka sama, a ga katako ko gara ta ci, a ga kwano ko yana yoyo, tabon ruwa a silin baya karya. A tambaya bulo mai inci tara ne ko mai inci shida a bangon waje. In kana da niyyar dora bene nan gaba kar ka yarda da "ai fandishon bene ne" da baki, sai injiniya ya tona ya gani. A kunna kowane famfo, a zuba ruwa a bandaki a ga yadda yake tafiya, a nuna maka inda sokawe yake da tazararsa da rijiya ko burtsatse, domin a kananan filaye zaka samu an hada su kusa da juna, ko naka ruwan na kusa da masan makwabci. Wayar wuta ma a bude akwati a gani, siririyar waya mai araha ita ke kawo gobara lokacin zafi in an kunna AC.

Ka kuma tsaya a tsakar gida ka daga kai. In benen makwabci na kallon tsakar gidanka iyalinka ba zasu sake ba, kuma wannan ba abinda zaka iya gyarawa bane cikin sauki.

10. Ruwa da wuta fa?

In da hali kaga gidan a watan Agusta bayan an tafka ruwa, wannan ziyara daya tafi goma na rani. Kano cike take da tsofaffin kududdufai da aka cike da shara aka yi gini akai, da unguwannin da aka toshe wa ruwa hanya, da rani lafiya lau, da damina a kwana ana kwalfa. In ba damina bace ka duba katangun layin zaka ga zanen inda ruwa ke kaiwa, ka duba ko mutane sun daga dokin kofarsu da bulo biyu uku, ka duba ko titi yafi tsakar gidan tudu. Mai shagon layin da 'yan garuwa zasu fada maka gaskiyar da dillali ba zai fada ba. Su 'yan garuwan ma ka tambaye su nawa ne kura, in sun yi yawa a layi ka san famfo baya zuwa, kuma ka tambaya mita nawa ake hakawa kafin a samu ruwa, akwai wuraren da dutse ne a kasa.

Wuta kuma ka tambaya wane layi suke, tiransifoma lafiyarta kalau ko kullum ana karo-karo. Tun Afrilun 2024 'yan Band A, wato rukunin farko na masu shan wuta, ke biyan kudi mai tsada bisa alkawarin awa 20 a rana, wasu na murna da shi wasu na kuka, kai dai ka san inda zaka shiga. Ka karbi lambar mita ko bil na karshe kaje ofishin kamfanin wuta na KEDCO a duba bashi, domin in akwai tsohon bashi kofarka za'a zo da tsani.

11. Ta yaya zan san ba za'a zo a rushe ba?

Duk wanda ke Kano a watan Yunin 2023 yaga yadda aka rushe gine-gine a tsohon otal din Daula da filin Idi da sansanin alhazai, kuma da yawa daga masu wuraren suna rike da takardu. Darasin da masu saye suka dauka shine filin da asalinsa na jama'a ne, makaranta, asibiti, makabarta, masallaci, jikin ganuwa, ko an yanka an bada takarda wata gwamnatin na iya zuwa ta ce bata yarda ba. Ka tambayi dattawan layin, da can menene a wurin nan.

Sai hanyar ruwa, da gefen titin da ake shirin fadadawa, da layin dogo, da karkashin babbar wayar wuta. Irin babban layin nan mai 330kV da ke shiga Kumbotso ana barin mita 25 kowane gefe, mai 132kV kuma mita 15. Ka nemi takardar izinin gini ta hukumar tsara birni, KNUPDA, ka duba ko abinda aka gina shine abinda aka amince, kuma ko ba'a ci hanya ba wurin fitar da shago ko soro. Jan fenti a bango ko alamar an goge shi, na hukumar tsara birni ne ko na EFCC, ka tsaya cak sai ka san dalili. Doka ta ba gwamna ikon karbe fili don amfanin jama'a a biya diyyar abinda aka gina, amma mai takarda da izinin gini shi ke da bakin magana ranar diyya.

12. Makwabta fa, yaya zan gane irinsu kafin in shiga?

Kaje sau uku a lokuta daban, da safe, da la'asar, da kuma bayan isha'i. Kayi sallah a masallacin layin ka zauna a gaisa. Da daddare ne zaka san ko akwai matattarar 'yan shaye-shaye a kangon da ke kusa, ko gidan biki mai DJ, ko injin nika da janareton gidan burodi a jikin bangon dakin kwananka. Ka tambaya akwai 'yan sintiri, nawa ake bayarwa a wata, an taba fama da fadan daba ko kwacen waya. Kuma ka tambaya a hankali me yasa mai gidan zai sayar, amsar da makwabta zasu baka ka gwada ta da wadda shi ya baka.

13. Mun daidaita, yaya zan biya?

Kudin farko da aka fada ba shine kudin gida ba, kayi tayi, a ce albarka, ka kara kadan, haka ake yi har a sallama. Abinda zaka kiyaye shine gaggawa, "wallahi akwai wani Alhaji da zai turo kudi gobe" tsohuwar waka ce, in da gaske ne Allah ya sanya alheri, gida bai kare a Kano ba. Kafin alkalami in za'a bada ya zama kadan, a rubuce, da sharadin cewa in binciken ta 7 ya nuna matsala za'a dawo maka da kudinka cas.

Biya kuma ta banki, zuwa asusun da ke dauke da sunan mai gidan, ba na dillali ba ba na dansa ba, a rubuta dalilin turawar. Dokar hana safarar kudin haram ta 2022 ma ta hana mutum biya ko karbar tsabar kudi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani kuma miliyan 10, kaga zancen zuwa da kudi a buhu bai taso ba. Ranar cikon kudi a zauna wuri daya, kudi na shiga ana mika maka asalin takardu da mukullai a wannan zaman. In gidan gado ne a tura inda kotu ko dukkan magada suka amince a rubuce.

14. Me ya kamata a rubuta a takardar ciniki?

Cikakken sunan mai saye da mai sayarwa da hotunansu da lambar katin dan kasa, adireshin gidan da lambar fuloti, girmansa kafa nawa da kafa nawa, makwabtan gabas da yamma da kudu da arewa, kudin da aka biya da yadda aka biya, ranar da za'a fita a baka gida, da alkawarin cewa in wani ya taso da da'awa mai sayarwa ne zai tsaya. A lissafa abinda ke cikin ciniki, tankin ruwa, injin burtsatse, sola da batura, AC, mita, domin an sha shiga gida a tarar har kwan fitila an kwance. Shaidu daga bangarorin biyu, mutanen da za'a iya samu nan da shekara goma, kuma in awon igiya ne mai unguwa ya sa hannu da hatimi. Girman ma kar ka dauka daga baki, a ja tef a gabanka, 50 da 75 din da aka fada sau da yawa in an auna baya cika.

15. Na biya na karbi takardu, shikenan?

Da saura. Sashe na 22 na dokar 1978 yace mai satifiket ba zai mika hakkinsa ga wani ba sai da amincewar gwamna, kuma sashe na 26 yace cinikin da ba'a bi wannan ba bashi da inganci. Don haka lauya zai shirya takardar mika mallaka wadda ake kira asaimen, ku sa hannu, a nemi amincewar, a biya kudin hatimi da na rajista, sannan sunanka ya shiga fayil. Mutane da yawa na tsallake wannan don gudun kashe kudi, su ajiye satifiket mai sunan wani a durowa. Ranar da mai sunan ya rasu sai ka koma bin 'ya'yansa suna ja maka aji kafin su sa hannu, ko kuma marar tsoron Allah yaje yayi rantsuwa cewa takardarsa ta bata a bashi wata ya sake sayarwa.

In gidan ya bi hannu uku ba'a taba canza suna ba, sai an nemo na farkon ko magadansa. Wannan aikin ka sa mai sayarwa yayi shi kafin ka cika kudi, bayan ka biya ba zai kara daga wayarka da sauri ba.

16. Bayan kudin gidan, wadanne kudi ne zasu biyo baya?

La'ada, lauya, safiyo, binciken fayil, kudin amincewa da hatimi da rajista, tsohon bashin kudin kasa in baku sa mai gida ya biya ba, dan abin sa hannun mai unguwa, sai gyara wanda kusan kullum yafi yadda aka zata. Kar ka zuba duk abinda ka mallaka a kudin saye ka rasa na canza kwado.

17. Kudina basu kai ba, akwai bashin sayen gida? Ni kuma bana son ruwa.

Ma'aikacin da ake cire masa kashi 2.5 na asusun gidaje na kasa, NHF, wanda aka kafa a 1992, yana da damar neman rance daga bankin gidaje na gwamnatin tarayya, FMBN, ta hannun bankin jinginar gidaje bayan ya zuba na akalla wata shida, ruwan kashi 6 ne kuma biya na iya kaiwa shekara 30 gwargwadon shekarun da suka rage masa a aiki. Yafi na bankunan kasuwa sauki nesa ba kusa ba, amma ruwa ne dai, kuma yana daukar lokaci, mai gidan da ya matsu ba zai jira ba.

Wanda baya son ruwa akwai bankunan da basa mu'amala da shi, Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Su tsarinsu ko dai su sayi gidan su sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali, wato murabaha, ko ku mallaka tare kana biyan haya kana sayen kasonsu har ya kare. Ka sa a rubuta maka jimillar abinda zaka biya daga farko har karshe kafin ka sa hannu, rashin ruwa baya nufin araha. Dukkansu kuma sai gida mai takardar gwamnati, awon igiya baya shiga (ta 4 da ta 6). Shi yasa da yawa ke bin kungiyar adashen ma'aikata ta wurin aiki, ko su daidaita da mai gida a biya kashi biyu ko uku, in haka zakuyi a rubuta ranakun da abinda zai faru in an saba.

18. Akwai 'yan haya a ciki, zan iya cewa su tashi?

Ba rana daya ba. Hayar da suka biya tana nan daram ko gida ya canza hannu, kuma dan hayan shekara yawanci notis din wata shida ake bashi sai in yarjejeniyarsu ta fadi wani abu daban, in yaki tashi kotu ce zata fitar da shi ba kai ba, cire kofa ko kwance kwano laifi zai zame maka. Mafi sauki ka sa sharadi a takardar ta 14 cewa babu kowa a ciki za'a mika maka, ka rike wani kaso na kudin sai an fita. Wannan ya hada da dangin mai gidan da ke zaune kyauta, su sukan fi dan haya wahalar tashi.

19. Ina kasar waje, ko kuma ina so in saya da sunan matata ko yarana, yaya zanyi?

Wanda ke Saudiyya ko Ingila ko ma Legas ya raba aikin gida biyu, dan uwa ya duba gida da unguwa, lauyan da ba ruwansa da dan uwan ya duba takardu, kudi kuma su tafi kai tsaye asusun mai gida kamar yadda aka fada a ta 13. A nuna maka gidan ta kiran bidiyo tun daga bakin titi har cikin bandaki, kuma takarda ta fito da sunanka, ba "a sa sunan Yaya kafin ka dawo" ba, zumunci da yawa ya lalace a nan. In wakilci zaka bayar ka takaita shi ga sayen wannan gidan kadai.

Mace na da cikakken ikon mallakar gida da sunanta a shari'a da dokar kasa, kuma Hajiya in da kudinki a ciki, na gado ne ko na sana'a ko kin sayar da gwal, a rubuta sunanki ko kasonki a takarda tun yanzu, in ba haka ba ranar rabon gado gidan gaba daya dukiyar maigida za'a kira shi. Yara kuma dokar 1978 bata yarda a ba wanda bai kai shekara 21 ba hakkin mallaka kai tsaye, sai ta hannun waliyyi ko amintacce da aka nada. In kyauta kake nufi ka yita a fili da shaidu a rubuta, kuma ka tambayi malami akan sharadin karbar kyauta da daidaitawa tsakanin 'ya'ya, domin kyautar da ba'a mika ba har mai ita ya rasu komawa take cikin gado.